Rocky Marciano, Ɗan Damben Da Ba A Taɓa Cin Sa Ba

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, na taso da tsohuwar gardamarmu ta ɗakin kwana: Marciano da Muhammad Ali, wa zai ci wani?

An haifi Marciano a Brockton ta Amurka a 1923, iyayensa 'yan ci-rani daga Italiya. Ya zama zakaran duniya a 1952, ya bar dambe a 1956 bayan karawa 49, duk shi ya yi nasara. A 1969 aka miƙa wa kwamfuta wannan gardama, ta ba shi nasara a zagaye na 13. Kafin a nuna fim ɗin a 1970, hatsarin jirgin sama ya yi ajalinsa.

Ni dai ina bayan Ali, domin ya fi shi tsawon hannu da saurin ƙafa. Ku fa?