Michael Faraday: Ɗan Maƙerin Da Ya Sa Jita Ta Yi Magana

Dukanmu mun san jitar lantarki da ƙungiyar mawaƙa ke kaɗawa a ɗakin sujada. A zangon karatu na biyu ɗaya daga cikin kunnuwanta ya lalace, wato abin nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar sauti, wanda masu gyara ke kira fikof. Aka sayo sabo, mu 'yan ƙungiyar kimiyya muka liƙa shi da dalma. Kowane kunne shi kaɗai yana aiki lafiya lau, amma da muka kunna biyun tare sai muryar jitar ta sirance kamar mai mura. Malamin kimiyya bai gyara mana ba. Ya miƙo mana kamfas, ya umarce mu mu je mu karanta tarihin Michael Faraday. Ga abin da muka samo.

An haifi Faraday ran 22 ga Satumba, 1791, a wata unguwa da ke kudancin birnin Landan, a ƙasar Ingila. Mahaifinsa maƙeri ne marar ƙoshin lafiya, gidan kuwa na talakawa ne ƙwarai. Karatun da yaron ya samu bai wuce ƙaramin rubutu da lissafi ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon sana'a wurin wani mai ɗinkin littattafai, George Riebau, ya yi shekara 7 a can. Littafin da aka kawo ɗinki, sai ya karanta shi kafin mai shi ya zo karɓa. Cikin waɗanda suka fi taimakonsa har da wani littafi na Isaac Watts, shahararren mai rubuta waƙoƙin sujada, a kan yadda mutum zai horar da hankalinsa. Daga nan ya koyi rubuta duk abin da ya gani ko ya ji.

A 1812 wani abokin cinikin shagon ya ba shi tikitin shiga laccocin Humphry Davy, babban masanin sinadarai na wata cibiyar bincike mai suna Royal Institution. Faraday ya rubuta laccocin tsaf, ya ɗinke su suka zama littafi, ya aika wa Davy yana neman aiki. A watan Maris 1813 aka ɗauke shi yaron ɗakin gwaji, mai wanke kwalabe. Da Davy ya tafi rangadin ƙasashen Turai sai ya tafi da shi, aka mai da shi bara, matar Davy kuma ta riƙa wulaƙanta shi. Ya haƙura, gama a tafiyar ce ya sadu da manyan masana irin su Volta da Ampère. Mahaƙurci mawadaci.

A 1820 wani mutumin Denmak, Oersted, ya gano cewa wutar da ke bin waya tana karkatar da allurar kamfas. Shekara guda bayan haka Faraday ya sa waya mai wuta ta riƙa kewaya maganaɗisu, wannan kuwa shi ne kakan duk injunan da ke juyawa da lantarki. Murnarsa ba ta daɗe ba. Aka zarge shi da satar tunanin wani masani, maigidansa Davy ma ya yi ƙoƙarin hana a zaɓe shi cikin ƙungiyar masana ta Royal Society. Duk da haka aka zaɓe shi a 1824.

Wata tambaya ta daɗe tana damunsa: in wuta na haifar da ƙarfin maganaɗisu, me zai hana maganaɗisu ya haifi wuta? Ya gwada sau da dama bai dace ba, sai a 1831. Ran 17 ga Oktoba na shekarar ya naɗe waya ta zama gammo mai rami, ya haɗa ta da ma'auni mai allura, ya cusa sandar maganaɗisu a ciki. Allura ta motsa gefe guda. Da ya zaro sandar sai ta motsa ɗaya gefen. Da ya bar sandar a kwance, allura ba ta ko ƙifta ba. Ashe canji ne ke haifar da wuta, kuma wutar tana da alkibla. In aka juya kan maganaɗisu, ko aka juya naɗin waya, alkiblar sai ta juya. Da wannan ƙa'ida janareto da taransifoma ke aiki, har injunan madatsar ruwa ta Kainji.

Bayan shekara 100, a Amurka, George Beauchamp da abokan aikinsa suka ƙera jitar lantarki bisa wannan ƙa'ida. Kunnen jita maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe kamar gashi, sau wajen 8,000. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai 'yar wuta ta taso cikin naɗin, amsa-kuwwa kuma ta ƙara mata ƙarfi. Shi ya sa tsirkiyar roba ba ta aiki da shi. Amma naɗin yakan kwaso gurnanin wutar gida, wadda ke kai da komowa sau 50 cikin daƙiƙa a ƙasarmu. A 1955 Seth Lover na kamfanin Gibson ya nemi rajistar maganin wannan: naɗi biyu gefe da gefe, na biyun an juya naɗinsa, an kuma juya maganaɗisunsa. Juyi biyu ya mai da sautin tsirkiya daidai, sai ya ƙaru. Gurnani kuwa ba ruwansa da maganaɗisu, juyi ɗaya kaɗai ya same shi, sai na wannan naɗi ya kashe na wancan.

Nan muka gane kuskurenmu. Da muka kusantar da kamfas, tsohon kunne ya jawo kan allura na arewa, sabon kuwa ya jawo na kudu. Juyi ɗaya muka yi ba da saninmu ba, don haka in wannan ya tura sauti gaba sai wancan ya ja shi baya. Muka musanya wayoyi biyu na sabon kunnen. Murya ta dawo cikakkiya, gurnani ma ya ragu.

Faraday bai ƙware a lissafi mai zurfi ba. James Clerk Maxwell ne ya zo daga baya ya rubuta tunaninsa cikin harshen lissafi. Amma littattafan gwajinsa suna nan, ya jera dubban sakin layi da lamba, har da gwaje-gwajen da suka ƙi. Ya kuma ƙaunaci yara, ya gabatar musu da laccocin Kirsimeti sau 19, shahararriyar cikinsu a kan kyandir ce.

Shi da matarsa Sarah, wadda ya aura a 1821, 'yan wata ƙaramar ikilisiya ne da ake kira Sandemaniyawa. Allah bai ba su haihuwa ba. A 1840 aka naɗa shi dattijon ikilisiya, yana wa'azi, yana ziyarar marasa lafiya. Sau biyu aka miƙa masa shugabancin Royal Society ya ƙi karɓa. Lokacin yaƙin Kirimiya gwamnati ta nemi ya taimaka a haɗa iskar guba, ya ƙi. Da girma ya zo mantuwa ta kama shi, har ya riƙa maimaita gwajin da ya riga ya yi. Sarauniya Biktoriya ta ba shi gida a Hampton Court a 1858, a nan ya rasu ran 25 ga Agusta, 1867. An binne shi a maƙabartar Highgate, ƙarƙashin dutse marar ado.

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa cikinmu 'ya'yan manoma ne da maƙera, kuɗin makaranta ma da ƙyar ake biya. Faraday bai samu rabin abin da muke samu a nan ba. Abin da yake da shi ido ne mai lura, da littafin rubutu, da tsoron Allah. Ga 'yan aji shida masu fita bana, muna roƙon Ubangiji ya ba ku irin waɗannan. Ga 'yan ƙungiyar kimiyya da za su gaje mu kuwa, mun bar kamfas ɗin a cikin akwatin jita. Ku duba maganaɗisu kafin ku narka dalma.