Henry Raeburn, Maraya Mai Zanen Fuskoki

Yau idan muna son surar mutum, sai mu ɗauki hotonsa nan take. A zamanin mutumin da za mu ba da labarinsa ba haka ba ne. Mai son jikokinsa su san kamanninsa sai ya je ya zauna gaban mai zane, a yi shi da buroshi da launi.

An haifi Henry Raeburn ran 4 ga Maris 1756 a Stockbridge, kusa da birnin Edinbara a ƙasar Sukotlan. Tun yana ƙarami uwa da uba suka rasu. Aka sa shi makarantar marayu wadda wani maƙerin zinariya, George Heriot, ya bar dukiyarsa domin a gina. Da ya kai wajen shekara 15 aka ba da shi ga James Gilliland, shi ma maƙerin zinariya ne, ya koyi sana'a. A can ne ya soma zana fuskokin mutane ƙanana, waɗanda ba su fi tafin hannu ba. Maigidansa ya ga baiwar yaron, bai kuwa danne shi ba, sai ya kai shi wurin David Martin, babban mai zane na garin.

Ya auri Ann Edgar, wadda mijinta ya rasu. Ta girme shi, tana kuma da dukiya. A 1784 ya tafi Roma domin ƙarin koyo, ya yi wajen shekara biyu. Gwanayen ƙasarsa da yawa Landan suke komawa, inda kuɗi yake, amma shi ya dawo gida ya zauna. A ganinmu wannan zama shi ne ya ɗaukaka shi, gama Edinbara a lokacin cike take da masana.

Ga yadda yake aiki. Yakan zaunar da mutum a bisa dandamali, ya kafa ƙyallen zanen kusa da shi. Sa'an nan ya ja da baya har ƙarshen ɗaki, ya dube shi da kyau, ya dawo ya sa launi, ya sāke ja da baya. Ba ya fara shatawa da fensir kamar sauran, da buroshi yake tashi. A ɗakin aikinsa na York Place ya sa babbar taga mai marufai domin ya juya haske yadda yake so. Da haka ya zana alƙalai, da likitoci, da sarakunan kan duwatsu cikin kayan gargajiya, da Sir Walter Scott marubuci. Akwai wani zane da ake so ƙwarai, na Rabaran Robert Walker cikin baƙaƙen tufafi yana sulɓi a kan tafkin Duddingston da ya daskare. A 2005 wani masani ya yi gardama cewa ba Raeburn ya yi shi ba, amma da sunansa ake kiransa.

Masifa ta same shi a 1808. Kamfanin ciniki na ɗansa, wanda shi ma ya sa hannu ciki, ya karye, bashi mai yawa ya hau kansa. Yana da shekara 52, lokacin da wani zai so ya huta. Ya sayar da gidan York Place, ya koma yana haya a cikinsa, ya duƙufa ga aiki. A 1810 ya je Landan ya duba ko zai ƙaura, amma ya komo. Abin mamaki, zanen da ya yi bayan karayar nan suna cikin mafi kyaun aikinsa.

A 1822 Sarki George na Huɗu ya ziyarci Sukotlan, ya ba shi sarautar Sir. Shekara ta gaba aka naɗa shi mai zanen Sarki a ƙasar, amma bai daɗe ba ya rasu, ran 8 ga Yuli 1823. Ya bar zanen fuskoki wajen dubu. Aka binne shi a makabartar majami'ar St John a Edinbara.