Gustav Giemsa, Bajamushen da rininsa ke fallasa ƙwayar cutar tumbi

A ɗakunan gwaje-gwaje na asibitocin Libreville, babban birnin Gabon, kamar na Yamai da Kano, akwai wani ruwan rini mai shuɗi da ake kira Giemsa. Da shi ake duba jinin mai zazzaɓin cizon sauro, da shi kuma ake neman ƙwayar cutar Helicobacter pylori a ɗan naman tumbin da likita ya tsinko. Rinin ya gaji sunan mutumin da ya gyara haɗinsa.

An haifi Gustav Giemsa ranar 20 ga Nuwamban 1867 a yankin Silesiya, a wani gari da ke cikin Poland a yau. Ya karanci haɗa magunguna a Leipzig, ya yi wannan aiki daga 1895 zuwa 1898 a yankin Gabashin Afirka da Jamus ke mulka. A 1900 ya zama shugaban sashen sinadarai na cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi ta Hamburg.

A lokacin, rinin Romanowsky da ake duba jini da shi ba shi da tabbas: yau ya kama, gobe ya ƙi. Giemsa ya daidaita haɗin, ya sa gilisarin don kada ya lalace, ya wallafa hanyar a 1904.

Tarihinsa yana da tabo. A 1933 ya sa hannu a takardar mubaya'ar malaman jami'a ga Hitler, ya kuma shiga jam'iyyar Nazi. Ya rasu ranar 10 ga Yunin 1948 a Ostiriya.

Sai a 1982 Barry Marshall da Robin Warren suka raino Helicobacter pylori a Ostareliya. A 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa kansa. A nan rinin Giemsa ya samu sabon aiki. Ana yanka naman siriri, a rina shi, a duba da madubin likita, sai a ga ƙwayoyin a lanƙwashe, shuɗaye, kwance cikin majinar bangon tumbi. Sukan yi ƙaranci a cikin ƙarin kansar, shi ya sa ake tsinko nama daga gefensa ma.

Akwai gwajin PCR mai gano ƙwayar ko da kaɗan ce, amma yana da tsada. Rinin Giemsa yana da araha, kuma idan aka gano ƙwayar da wuri ana kashe ta da magani, haɗarin kamuwa da kansar ya ragu.