Willard Gibbs: Malamin da lissafinsa ya kai ga rigakafin shan inna

A watan Maris na 2021 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabon maganin rigakafin shan inna mai suna nOPV2.

Wannan magani da ake bi gida-gida ana ɗiga wa yara a unguwanni irin su Tudun Wadar Zariya, hikimar haɗa shi tana da tushe a lissafin wani malami Ba'amurke, Josiah Willard Gibbs, wanda ya rasu tun 1903.

An haifi Gibbs ranar 11 ga Fabrairun 1839 a garin New Haven na jihar Connecticut. Mahaifinsa masanin harsuna ne a Jami'ar Yale, kuma shi ne ya samo tafinta ga 'yan ƙabilar Mende na Saliyo waɗanda suka ƙwace jirgin bayi na Amistad a wannan shekarar.

A 1863 Gibbs ya sami digirin digirgir a Yale, na farko da aka taɓa bayarwa a fannin injiniya a Amurka. Daga 1866 zuwa 1869 ya ƙaro ilmi a Paris da Berlin da Heidelberg.

A 1871 aka naɗa shi farfesa a Yale, amma ya shekara tara yana koyarwa ba albashi, yana cin abin da iyayensa suka bari. Sai a 1880, da Jami'ar Johns Hopkins ta nemi ɗauke shi, sannan Yale ta yanka masa dala 2,000 a shekara.

Babban aikinsa, mai shafi kusan 300, ya fito tsakanin 1875 da 1878 a wata mujallar jiharsu da ba ta da masu karatu da yawa. Tambayar da ya amsa ita ce: idan aka bar abu da kansa, a wane hali zai tsaya?

Ya nuna cewa abu biyu ne ke jayayya. Ƙwayoyin sinadari suna son manne wa juna, domin mannewar na sakin zafi. Amma kuma suna son sakewa da warwatsuwa, kuma wannan yakan ƙara rinjaye idan zafi ya ƙaru.

Gibbs ya haɗa biyun a ma'auni guda. Kamar yadda ruwa ba ya tsayawa sai a kwari, haka abu yakan tsaya a halin da wannan ma'auni ya fi yin ƙasa.

Kaɗan ne suka fahimce shi a lokacin. Daga cikinsu akwai James Clerk Maxwell na Birtaniya. Sai a 1892 aka fassara aikin zuwa Jamusanci, a 1899 kuma zuwa Faransanci.

Gibbs bai yi aure ba. Ya yi zamansa a gidan mahaifinsa tare da 'yan'uwansa mata, ya karɓi lambar yabo ta Copley a 1901, ya rasu ranar 28 ga Afrilun 1903 yana da shekara 64.

Bayan rasuwarsa ne masana suka gane siffar RNA, wani siririn zare da ke ɗauke da saƙon halitta da haruffa huɗu: A, U, G da C. Zaren yakan lanƙwashe ya kama kansa, G da C su riƙe juna da ƙarfi, A da U kuma da sauƙi. Aikinsa ya dogara da irin naɗin da ya yi.

A 1971 Ignacio Tinoco da abokan aikinsa suka nuna yadda za a ƙiyasta naɗin da ma'aunin Gibbs. A 1981 Michael Zuker da Patrick Stiegler suka ɗora lissafin a kan kwamfuta.

Ƙwayar shan inna ma zaren RNA gare ta. A tsohon maganin Albert Sabin, raunin wani naɗi na cikin abin da ya karya lagon ƙwayar. Sai dai sauyin harafi ɗaya a cikin hanjin yaro na iya mayar wa naɗin ƙarfinsa, kuma inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba, ƙwayar kan yaɗu har ta shanye ƙafa.

Masu haɗa nOPV2 sun sake jera haruffan wannan naɗi da A da U, yadda sauyin harafi ɗaya ba zai ƙarfafa shi ba.

Har gobe ɗaliban kimiyyar sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello suna rubuta wannan ma'auni da harafin G, don tunawa da shi.