Frank J. Sprague

Frank Julian Sprague (25 ga Yuli, 1857 – 25 ga Oktoba, 1934) injiniya ne ɗan ƙasar Amurka, kuma tsohon hafsan sojan ruwa, wanda ake yi wa laƙabi da uban sufurin lantarki. Shi ne ya kafa tsarin taragon lantarki na farko da ya yi nasarar ɗaukar fasinjojin gari sukutum, a birnin Richmond na jihar Virginia, a shekarar 1888. Ya kuma inganta lif mai aiki da lantarki, sannan ya ƙirƙiro hanyar da direba ɗaya zai sarrafa injunan taragai da yawa a lokaci guda, wadda jiragen ƙasa na cikin birane ke amfani da ita har yau.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Sprague a garin Milford na jihar Connecticut. Mahaifiyarsa ta rasu yana yaro, sai aka kai shi wurin 'yan uwa a North Adams ta jihar Massachusetts, inda ya yi makaranta kuma ya yi fice a lissafi. A shekarar 1874 ya shiga kwalejin sojan ruwa ta Annapolis, ya kammala a 1878. Ya yi aiki a jiragen yaƙi da dama, amma hankalinsa yana kan lantarki. A 1882 ya halarci baje kolin kayan lantarki na Crystal Palace a Landan, inda aka sa shi cikin alƙalan da suka gwada injuna.

Aiki da Edison

A Landan ya haɗu da Edward H. Johnson, na hannun daman Thomas Edison, wanda ya shawo kansa ya ajiye kakin soja a 1883 ya koma aiki da Edison. An tura shi aikin kafa tashoshin wuta a Sunbury da Brockton. A lokacin, ma'aikatan Edison sukan gano kaurin wayar da unguwa ke buƙata ne ta hanyar gwaji mai cin lokaci da kuɗi. Sprague ya nuna cewa lissafi zai ba da amsar cikin ɗan lokaci.

Zaman nasu bai yi nisa ba. Edison ya fi damuwa da hasken fitila, shi kuwa Sprague yana son lantarki ya juya ƙafa ya ja kaya. A 1884 ya bar aikin, ya kafa kamfaninsa mai suna Sprague Electric Railway and Motor Company. Injinsa na farko ya samu kasuwa a masana'antu domin gudunsa ba ya canjawa ko nauyin aiki ya ƙaru, kuma ba ya yawan tartsatsi. Ya kuma tsara birkin da ke mai da injin ya zama janareta idan tarago yana rage gudu, wutar ta koma layi. Irin wannan birki ne motocin lantarki na zamani ke amfani da shi wajen mayar da caji cikin batir.

Matsalar sufuri a birane

A wancan zamani dawakai da alfadarai ne ke jan taragon fasinja a kan dogo cikin titunan Amurka. Dabba tana buƙatar abinci da barga da hutu, ba ta daɗewa a wannan aiki, ga kashinta da ya cika tituna. A 1872 annobar murar dawakai ta tsayar da zirga-zirga a manyan birane. Wasu garuruwa, kamar San Francisco, sun koma jan tarago da igiyar ƙarfe da ke gudu a ƙarƙashin titi, amma shimfiɗa ta na da tsada ƙwarai.

Ba Sprague ne ya fara sa wa tarago lantarki ba. Kamfanin Siemens ya buɗe ɗan gajeren layi a Lichterfelde kusa da Berlin a 1881, Charles Van Depoele kuma ya yi nasa a Montgomery a 1886. Sai dai duk waɗannan ƙanana ne, masu kuɗi ba su yarda cewa lantarki zai iya ɗaukar babban birni ba. Sprague da kansa ya gamu da wannan shakka a New York: yana gwada taragonsa a gaban attajirin layin dogo Jay Gould, fiyus ya ƙone da ƙara da walƙiya, Gould ya firgita, maganar cinikin ta mutu.

Layin Richmond

A 1887 Sprague ya karɓi kwangilar Richmond Union Passenger Railway bisa sharuɗɗa masu tsauri: tarago 40, injuna 80, tashar wuta, da layi mai tsawon kusan kilomita 19, duk cikin kwana 90, kuma ba za a biya shi dala 110,000 ɗin ba sai aikin ya gamsar. Bai jima da sa hannu ba zazzaɓin taifod ya kwantar da shi na makonni. Da ya tashi ya tarar an shimfiɗa dogon da ha'inci, ga kwanoni masu tsanani, ga tuddai da gangarensu ya kai kashi 10 cikin 100. Injuna suka riƙa ƙonewa, burushin tagulla da ke kai musu wuta yana cinyewa kullum, wa'adin kwangila ya wuce.

Abin da ya fid da shi shi ne yadda ya haɗa sassan. Ya rataya injin a ƙarƙashin tarago, gefe ɗaya a kan sandar ƙafafu, ɗayan a kan sifirin, ta yadda haƙoran giya ba sa rabuwa komai gargadar hanya. Wuta tana zuwa ta waya ɗaya a sama, sanda mai sifirin tana danne da ita daga ƙasa, sannan ta koma tasha ta cikin dogo. An fara ɗaukar fasinja ranar 2 ga Fabrairu, 1888.

Kamfanin ya yi asara a wannan kwangila, amma ta buɗe masa kasuwa. Henry Whitney, shugaban kamfanin West End na Boston mai dubban dawakai, yana gab da zaɓar igiyar ƙarfe. Tsoronsa shi ne idan taragai suka cunkushe wuri ɗaya, wuta ba za ta isa ta tashe su ba. Sprague ya tara tarago 22 a ƙarshen layi cikin dare, ya tashe su ɗaya bayan ɗaya a gabansa. Boston ta zaɓi lantarki. Zuwa 1889 layuka 110 masu amfani da kayan Sprague an fara gina su ko ana shirin ginawa, kuma cikin shekara goma sha biyar taragon doki ya kusa ɓacewa daga biranen Amurka. Da sufuri ya yi sauri da araha, ma'aikata suka samu damar zama nesa da wurin aiki, sababbin unguwanni suka tsiro a bakin layuka.

A 1890 kamfanin Edison General Electric ya haɗiye na Sprague, aka cire sunansa daga kayan aka sa na Edison. Wannan ya ci masa rai har ƙarshen rayuwarsa.

Lif da jirgi mai injuna da yawa

A 1892 ya kafa kamfanin lif tare da Charles R. Pratt, suka sa lif ɗinsu a ginin Postal Telegraph na New York a 1894. Daga baya kamfanin Otis ya saye wannan sana'a. A aikin lif ne ya saba da sarrafa babban inji daga nesa ta ƙaramar wayar umarni, sai ya kai dabarar kan dogo. Maimakon kan jirgi ɗaya ya ja taragai, kowane tarago yana da injinsa, direba kuma yana ba su umarni gaba ɗaya daga gaba. Jirgin yana tashi da sauri, ana iya ƙara masa tarago ko a rage gwargwadon yawan fasinja, ba tare da ƙarfinsa ya ragu ba. Layin South Side na Chicago, mai bi ta kan gada, ya karɓi tsarin a 1897, kuma a 1898 ya sallami injunansa masu tururi.

Doka da tashar Grand Central

A watan Janairun 1902 jirage biyu suka yi karo a ramin Park Avenue na New York, inda hayaƙi da tururi suka rufe alamun hanya. Mutum 15 suka mutu nan take. A 1903 jihar New York ta yi dokar hana injin tururi shiga wannan layi na Manhattan daga tsakiyar 1908. Dokar ce ta tilasta wa kamfanin New York Central komawa lantarki, aka sa Sprague cikin kwamitin da ya tsara aikin. Shi da babban injiniya William J. Wilgus suka ƙera dogo na uku mai ɗauke da wuta, wanda aka rufe samansa, jirgi yana shafar sa daga ƙasa, domin kare ma'aikata da kuma hana ƙanƙara tsayar da tafiya. Da hayaƙi ya kau, aka binne layukan, aka gina sabuwar tashar Grand Central da aka buɗe a 1913.

Ƙarshen rayuwa

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zauna a kwamitin ba rundunar sojan ruwa shawara. Daga baya ya ba da himma ga na'urar da ke taka wa jirgi birki da kanta idan direba ya wuce alamar tsayawa. Ya samu lambar yabo ta Edison a 1910, da ta Franklin a 1921, da ta John Fritz a 1935 bayan rasuwarsa. Ya rasu yana da shekara 77, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington.

Ɗansa Robert C. Sprague ya kafa kamfanin kayan lantarki da ya bunƙasa a North Adams. A 1947 matarsa Harriet ta wallafa wani ɗan littafi don nuna ayyukan mijinta da jama'a ke jingina wa Edison. Taragon Richmond kuwa ya daina aiki a 1949, lokacin da motocin bas suka karɓe titunan.