Labarin Pandita Ramabai, Uwar Marayu da Masu Takaba

A ƙasar Hindu, wato Indiya, aka haifi Ramabai cikin shekara ta 1858. Ubanta, Anant Shastri Dongre, babban malami ne daga dangin Barahman, waɗanda su ke riƙe da littattafan addinin Hindu. A zamanin nan an hana mata koyon Sanskirit, harshen waɗannan littattafai. Amma shi ya koya wa matarsa, ko da shi ke 'yan'uwansa malamai sun tsarge shi saboda haka. Uwar kuwa ta koya wa ɗiyarta. Bai kuma yarda ya aurar da ita tun tana ƙanƙanuwa ba, yadda al'ada ta ke.

Tana budurwa yunwa ta kashe iyayenta. Ita da wanta suka yi ta yawo da ƙafa gari gari, har suka isa Kalkata a 1878. Malaman birnin suka jarraba ta, suka yi mamakin iliminta, suka ba ta sunan Pandita, wato malama. A 1880 wanta ya rasu, ta auri wani lauya wanda danginsa ba su kai nata daraja ba. A 1882 kwalara ta ɗauke shi, ya bar ta da jaririya, Manorama.

To, ya mai karatu, sai ka san halin da mace ke shiga a can a wancan zamani idan mijinta ya mutu. Gwamnati ta hana ƙone mace tare da gawar mijinta tun 1829, ta halatta mata sake aure a 1856, amma al'ada ta fi doka ƙarfi. A manyan dangogi akan aske mata kai, a tuɓe mata kayan ado, ta ci abinci sau ɗaya a yini, ana ce da ita mai baƙar ƙafa. Takaba ce wadda ba ta da ranar fita. Da yawansu kuwa yara ne da aka ɗaura wa aure tun ba su san mene ne aure ba.

Ramabai ta ƙi zaman ɗaka. A shekarar nan ta 1882 ta kafa ƙungiyar mata a Puna, ta kuma tsaya gaban hukumar Hunter mai binciken makarantu, ta roƙa a horar da mata su zama malamai da likitoci, gama mace takan gwammace mutuwa da ta nuna jikinta ga likita namiji. A 1883 ta tafi Ingila, can aka yi mata baftisma. Daga nan ta ƙetare zuwa Amurka a 1886, ta rubuta littafi a kan wahalar matan ƙasarta, ta tara gudummawa.

A 1889 ta buɗe makaranta a Bombai da ɗalibai biyu kaɗai, sa'an nan ta mai da ita Puna. Ta yi alkawari ba za ta tilasta wa kowa barin addininsa ba, ta kuwa cika. Amma ba ta ɓoye addu'arta ba. Da waɗansu 'yan mata suka bi ta, sai jaridu suka tasam mata, manyan da ke goyon bayanta suka janye. Ko Turawan mishan ma sun sha gardama da ita, domin ba ta karɓar magana sai ta auna ta da kanta.

Sa'ad da yunwa ta sāke faɗowa a 1896, ta bi ƙauyuka tana tsintar mata da yara da aka yasar. Ta zaunar da su a gonarta a Kedgaon, ta sa wa wurin suna Mukti, wato ceto. A 1900 mutanen gidan sun kai 1,500. Aka koya musu karatu, da saƙa, da noma, da kiwon shanu, da buga littattafai. Har makafi aka koya musu karatu da yatsa. Nufinta shi ne kowace mace ta iya ci da kanta, kada yunwa ta sa ta sayar da mutuncinta.

Da girma ya zo mata ta koyi Ibrananci da Helenanci, ta juya Littafi Mai Tsarki zuwa Marati, harshen talakawan jiharta. A 1919 aka ba ta lambar girma ta Kaisar-i-Hind. Manorama ta rasu a 1921. Uwar ta daure ta ƙare aikin, ta bi ta ran 5 ga Afrilu, 1922. Ta ga farkon amfanin wahalarta, gama a 1921 lardunan Madras da Bombai suka ba mata masu dukiya izinin jefa ƙuri'a. A 1929 kuwa aka yi dokar hana aurar da yarinya kafin shekara 14.

Ya ku iyaye, ku duba inda abin nan duka ya faro: uba ɗaya ne ya jure zargi ya buɗe wa matarsa littafi. Wanda ke da ɗiya a gida, ko gwauruwa a maƙwabta, bari ya tambayi kansa abin da ya ajiye mata domin ranar da ba shi.