Bob Graham, Mai Masaukin Baƙin Da Ya Zagaye Tsaunuka 42 Cikin Kwana Guda

A garin Keswick da ke arewa maso yammacin Ingila akwai wani tsohon zauren taro a tsakiyar kasuwa, ana ce da shi Moot Hall. Daga ƙofar wannan zaure ne a watan Yunin 1932 wani mai masaukin baƙi, Bob Graham, ya tashi cikin dare, ya hau ƙololuwar tsaunuka 42 na yankin Lake District, ya komo inda ya tashi cikin sa'o'i 23 da minti 39.

An haifi Graham a shekarar 1889. Ba ɗan wasan da ke cin abinci da gudu ba ne. Aikin lambu ya yi, ya kuma riƙa saukar da masu zuwa yawon buɗe ido, har ya san tsaunukan yankin kamar yunwar cikinsa. Ana cewa ya zaɓi 42 ne domin adadin ya yi daidai da shekarunsa na haihuwa. Tafiyar dai ta kai kusan kilomita 106, hawan da ke cikinta kuwa in an tattara ya kai mita 8,200, wato saura ƙiris ya kamo tsawon Everest. A cikin tsaunukan har da Skiddaw da Helvellyn da kuma Scafell Pike, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Ingila. Shigarsa a ranar ita ce takalman kambas da gajeren wando da rigar barci. Guzurinsa bai wuce burodi da man shanu da dafaffen ƙwai da 'ya'yan itace ba, abokansa huɗu kuma suka yi karɓa-karɓa wajen yi masa rakiya.

Sai da aka shekara 28 kafin wani ya maimaita wannan aiki, lokacin da Alan Heaton ya kammala cikin sa'o'i 22 da minti 18 a 1960. Graham ya ga wannan rana, domin sai a 1966 ya rasu. A 1971 aka kafa ƙungiya da sunansa, wadda ba ta karɓar mutum sai ya gama zagayen cikin ƙasa da sa'o'i 24, da mai shaida a kan kowace ƙololuwa.

To amma Graham ya yi nasa ne a watan da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba. Waɗanda suka biyo bayansa sun kai abin har cikin hunturu, inda lamarin ya sha bamban. A watan Disamba hasken rana a yankin bai kai sa'o'i 8 ba, saboda haka kashi biyu cikin uku na tafiyar a duhu ake yin sa, da tocila ɗaure a goshi. Dusar ƙanƙara takan binne hanya da tarin duwatsun da ke nuna ta. Idan hazo ya sauko, sama da ƙasa suka zama fari fat, sai mai gudu ya dogara ga taswira da kamfas, wato allurar nan mai nuna arewa, yana ƙirga takunsa don ya san nisan da ya ci. Mafi hatsari shi ne doron tsauni irin na Helvellyn, inda iska kan tara ƙanƙara ta yi rumfa a bakin rami. Daga sama sai a zaci ƙasa ce, alhali babu kome a ƙarƙashinta. Ga kuma tsallakawa tsakanin Scafell Pike da Scafell, inda wani dutse mai suna Broad Stand ya halaka mutane ko a lokacin zafi, shi ya sa da yawa kan gwammace su yi zagaye.

Sai a watan Disamban 1986, shekaru 20 bayan rasuwar Graham, Selwyn Wright da John Brockbank suka fara kammala zagayen na hunturu cikin ƙasa da sa'o'i 24. A Disamban 2019 kuwa Kim Collison ya yi shi cikin sa'o'i 15 da minti 47.

Akwai wani ɗan ginin duwatsu na tunawa da Graham kusa da gadar Ashness, a saman tafkin Derwentwater, 'yar tafiya kaɗan daga Keswick.